Takalman da Aka Bari a Ƙofar Makaranta

Zuwa ga Shugaban makarantar addini da ɗana Sahabi yake karatu a cikinta, a nan Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da malamanka da iyali.

Ni ne Umaru, mahauci a Unguwar Rogo, uban ɗaya daga cikin ɗalibai goma sha ɗayan da ka kora mako biyu da suka wuce, ka kuma mayar da su shekaranjiya. Da godiya zan fara. Shekara huɗu ina cika baki a mahauta cewa ɗana ba zai gaji wuƙata ba, alƙalami zai riƙe. Sai ga shi ya shigo gida da akwati a ka, saura wata biyu jarrabawar fita. Tun ranar tuwo bai yi mini daɗi ba. Shekaranjiya da ya koma, na zauna bakin rumfa na yi hawaye a gaban masu sayen nama, ban kuma ji kunya ba. Yau da hankalina ya kwanta, ga abin da ya rage a cikina.

1. Dokarku ta ce duk wanda ɗalibai suka gayyato ya yi musu jawabin ranar Alhamis, sai ya kawo shi a rubuce ofis ya duba. Na gane dalili. Mulkin kai ya ƙarato, 'yan siyasa sun cika gari, ba mai son a mayar da makaranta dandalin jam'iyya. Ba ni da ja a nan.

2. To amma a kan wa dokar ta fara faɗawa? A kan Malam Ladan na unguwar Gidan Dare, tsoho, makaho, wanda ilimin rabon gado ke kansa kamar sunansa. Shi ya raba mana shanun babanmu, mu tara, har yau ba wanda ya daina gaida wani. A garin nan ɗalibi ke zuwa wurin malami, amma don yaran sun roƙe shi, ya tako da sandarsa ya zo. Mai gadi ya tsayar da shi, aka aika ofis, amsa ta dawo cewa ba takarda, ba shiga. Ya tsaya cikin rana tun bayan azahar har kusan la'asar. Ba wanda ya tambayi kansa yadda makaho zai rubuta jawabi, ko tabarma ba a miƙo masa ba.

3. A takardar kora kun rubuta cewa ɗalibai sun tara takalma a ƙofa don su wulaƙanta makaranta. Allah ya gafarta Malam, na san ba a nan ka tashi ba, da ka tambayi ko mai shara da ya gaya maka. A wurinmu ba a zuwa ba malami haƙuri da takalmi a ƙafa. A daidai inda aka tsayar da Malam Ladan suka tuɓe takalmansu, suka taka ƙasa mai zafi har Gidan Dare, suka durƙusa a zaurensa suna neman gafara a madadinku. Ƙafar Sahabi sai da ta yi bororo. Ƙin shiga aji da suka yi kwana uku bayan haka laifi ne, ban wanke su ba. Amma takalman nan ladabi ne, ba rashin kunya ba.

4. Ni ma ina da nawa laifin. Ranar da yaron ya dawo, na mare shi kafin in tambaye shi komai. Washegari na nufi gidan Malam Ladan da fushi, da niyyar in ce masa ya jawo wa ɗana asara. Na iske shi zaune a buzu yana faɗa, wani maƙwabcinsa yana rubutawa. Roƙonka yake yi ka mayar da yaran. Ya ce laifin nasa ne da ya zo bai nemi izini ba, kuma ba zai sake tako makarantar ba. Ya dangwala yatsa aka kawo maka. Na juya na kama hanyar gida.

Ka ga ke nan, takardar da ta mayar mini da ɗana, mutumin da kuka kora don rashin takarda ne ya aiko ta.

Roƙona uku ne. A bar dokar, amma wanda bai iya rubutu ba, a tura malami guda ya saurare shi tukuna. A goge kalmar wulaƙanci daga takardun yaran, kada ta bi su wurin neman aiki. Na uku shi ne babba: ka taka da kanka zuwa Gidan Dare ka gayyace shi, don ya ce ba zai dawo ba, kuma manzo ba zai warware wannan ba. Ba ni da ikon gaya wa shugaba abin da zai yi da takalminsa. Ni dai zan jira ka a bakin lungun gidansa, nawa a hannu.

Allah ya yi maka jagora, ya ƙara maka haƙuri da 'ya'yan mutane, ya sa makarantar nan ta yi albarka.

Wassalam.

Umaru Mahauci,
Unguwar Rogo, Sakkwato.