Ba a Yanka Saye ba

Litinin, 8 ga Yuli, 2024
Hantsar Saye ta cika, ko kiwo ta ƙi fita. Baffa Bubayero, tsohon da ke duba mana shanu tun Baba na raye, ya ce nan da kwana biyu za ta haihu. Ita kaɗai ce saniyar da marigayiya Inna ta bar mini. Sauran taran na Yaya Maharazu ne, shi da yake zaune a Limawa yana kiwo ta waya.

Laraba, 10 ga Yuli


Tun hantsi Saye take naƙuda, har azahar ba abin da ya leƙo sai ƙafa ɗaya. Na wanke hannu, na shafa man gyaɗa, na zura har kafaɗa. Ɗaya ƙafar ta lanƙwashe a ciki. Saye ta kwanta, ido ya fara juyewa. Baffa ya zaro wuƙa. "Kubura, matsa a yanka ta kafin ta zama mushe." Yaya ma a waya sai ihu yake, a yanka, a yanka. Na ce wallahi ba mai sa wa saniyar Inna wuƙa ina tsaye. Minti biyar kawai na roƙa.

Na miƙar da ƙafar, muka ɗaura igiya, muka ja. Maraƙa ce, ta faɗo tana atishawa. Na juyo in ce wa Baffa ka gani ko, sai na ga yana mayar da wuƙar kube. Saye ta daina numfashi. Ba a yanka ba.

Alhamis, 11 ga Yuli
A amalanke aka ja ta bayan gari. Saniya guda, ko tsoka ɗaya ba ta halatta ba. Yaya ya zo da farar shaddarsa, ko turken bai ƙarasa ba, wai taurin kaina ya yi wa ungulu walima. Shi da ko kashin shanu bai taɓa kwashewa ba! 

Asabar, 13 ga Yuli
A famfo yau wata ta ce da ni "mai mushe". Aka yi dariya.

Lahadi, 14 ga Yuli
Maraƙar ko dakashi, nonon farko na uwarta, ba ta samu ba, da kwalba nake ɗura mata nono. Na tsane ta. Duk sanda ta yi kuka sai in ji kamar in toshe kunnena.

Juma'a, 19 ga Yuli
Baffa ya barbaɗa mata gishiri a gadon baya, ya tura ta gaban wata saniyar Yaya mai shayarwa. Ta hura hanci, ta lasa, ta ƙara lasa, can sai ta bar ta ta kama nono. Muna kallo, Baffa bai dube ni ba ya ce, "Wuƙar fa a hannuna take. Da na so, da na yanka."  Na zagaya bayan rumbu na yi kukan da ban yi ba tun ranar.

Lahadi, 28 ga Yuli
Yaya ya turo wani dillali daga kasuwar Jahun, wai a rabu da maraƙar a huta. Na ce masa zawo take, ba za ta kai labari ba. Ya tafi.

Lafiyarta lau. Allah Ya yafe mini.

Ni ban ce ina sonta ba. Igiyarta dai na sauya, waccan tana cin wuyanta.