Kabejin da Ka Jefa a Shara

Baban yara,

Na fita aiki kana barci. Ban tashe ka ba, don na san rigima za mu sake yi.

Kabejin da ka jefa a kwandon shara jiya na ɗauko abina. Na wanke shi da ruwan gishiri, na yanka, yana cikin firiji a roba mai jan murfi. Ka ce wai an cuce ni, na sayo abin da tsutsa ta huhhuda. Ba wanda ya cuce ni, da idona na zaɓa. Mai lambun nan ba ya feshin magani, kashin awaki da toka kawai yake zuba wa shukarsa. Na je har lambun na gani.

Naka na babban kanti kuwa, mai sheƙi kamar an shafa masa mai, yana bayan ƙofa cikin ledarsa. Na wanke na sake wankewa, har yanzu warin magani yake yi. Ka kai wa abokanka na ofis in ka ga dama, amma tukunyata ba zai shiga ba. Ka manta yadda Auta ta yi ta amai bara, likita yana tambayar me ta ci? Ni ban manta ba.

In yara sun dawo daga makaranta, ka soya musu nawa da ƙwai. Kuma kar ka kuskura ka ce musu ruɓaɓɓe ne.

Abin da tsutsa ma ta ji tsoron ci, ba zan zuba wa 'ya'yana a faranti ba.

Matarka mai taurin kai, kamar yadda ka ce