A Daina Yi wa Muhsina Hayaƙi

Sadiyatu,

Shekara huɗu ke nan rabona da Sakkwato. Ina gaishe ki, a gaishe min da Inna. Ni lafiya lau, ban da bayana da buhunan siminti suka cinye.

Na ji Baffa Junaid na yi wa ɗiyarmu Muhsina hayaƙin magani in asma ta tashi. Na tambayi likita nan Jidda. Ya ce da hayaƙi ya shiga, jikinta zai kirawo fararen ƙwayoyin jini su yaƙe shi, su taru a hanyar numfashi har ta kumbura.

Baffa alheri yake nufi, amma ba shi ke kwana zaune da ita ba. A daina. In ya yi fushi, ki ce ni na hana.

Bana ban tara komai ba sai maganin shaƙa guda uku. Suna tafe.

Mijinki,
Jelani