Lotsawar Ƙofar Motar Baba

Vignola, farkon Oktoba

Zuwa ga yayana Oriano,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Rosario can ƙetaren teku, kai da Graciela da yara, ya kuma sassauta maka ciwon bayan da ka ce ya matsa maka. Mu nan lafiya lau. An gama yankan inabi, sanyi ya fara leƙowa da safe. Maigidana Loris yana nan da surutunsa, 'yarmu Dalia ta koma karatu Bologna. Mama ce dai sai a hankali. Kanta garau, baki kuwa ya fi na da kaifi, amma gwiwoyi sun ƙi. Tun bikin Ista ba ta sauko daga bene ba, ƙararrawar coci ma ta taga take jin ta.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne motar Baba, koriyar Fulvia ɗin nan da ke cikin gareji a lulluɓe tun rasuwarsa. Likita ya ce Mama da matakala sun yi bankwana. Sai muka yanke shawarar sayar da motar, a mai da garejin ɗaki da banɗaki, a fasa ƙofa ta wajen lambu, ta dawo ƙasa kafin sanyi ya kankama. Kuɗin motar ne zai yi aikin, ba mu da wata hanyar. Da farko Mama ta yarda.

Ka san Loris, in ya ji maganar ciniki jikinsa rawa yake. Ya ce mai saye da ido yake saye, don haka sai an yi wa tsohuwar kwalliya. Ya kwance sitiyarin katako, ya fitar da kujerun fatar da suka ƙoƙe, ya sa sababbi masu ƙyalli, ya ɗaura mata wata salansa da ta hana karnukan unguwa sakat. Har jan fenti ya sayo, wai motar tsere in ba ja ba ce, ta kai yara makaranta ce. Yana shirin loda tsofaffin kayan a kai bola sai Mama ta hango shi ta taga. Ta kira shi sarkin gaggawa, ta ce ya kwashe su ya hau da su can saman rufi kusa da gangunan da Baba ke tsima ruwan tsamin inabi, don a gidan nan ba a zubar da abu saboda ya tsufa, in kuwa za a fara to da ita za a fara. Ya hau da su yana gunaguni.

Allah ya taimake mu, kafin ya buɗe gwangwanin fentin na matsa aka kira Ermete Bassoli daga Modena, dattijon da ke yi wa tsofaffin motoci kuɗi kafin a kai su gwanjo. Ya zagaya ta, ya kwanta a ƙarƙashinta yana neman tsatsa, ya duba lambar inji ya ga ita ce ta asali, ya shafa fentin da bayan hannu. Da ya leƙa ciki ya ga sababbin kujeru, sai ya tambaya wane ne ya yi mata wannan aikin. Loris ya gyara tsayuwa ya ce shi ne. Ermete ya ce to sannu da ƙoƙari, amma masu sayen irin wannan ba sabuwa suke nema ba, sababbi sun cika gari. Da tsohuwar zuma ake magani. Ya ce da fentinta na farko da kayanta na asali za ta kai Yuro dubu talatin, amma da an shafa mata jan nan, ko ashirin sai an yi roƙo. Garin gyaran gira mun kusa rasa ido. Loris ya kwashe mako yana sauko da abin da ya hau da shi, Mama tana tambayarsa ta taga ko yana bukatar ɗan dako.

Yanzu ga inda maganar ta tsaya. Aibi ɗaya Ermete ya samu, lotsawar ƙofar direba, wadda ba sai na tuna maka wanda ya ɗauki mota ba izini ya haɗa ta da ginshiƙin ƙofar gida ba, ko abin da kai da Baba kuka faɗa wa juna kafin ka hau jirgi. Ermete ya ce ana iya turo ta daga ciki ba tare da an taɓa fenti ba, aikin rabin yini ne, kuma yana da mai saye daga Munich da zai biya nan take in an gyara. Na hau na gaya wa Mama ina murna. Ta ce ba mai taɓa ƙofar nan. A nan ta faɗa mini abin da ban sani ba. Baba, wanda ko ƙusa ɗaya ta kwance ba ya iya cin abinci sai ya ɗaure ta, da gangan ya bar lotsawar fiye da shekara talatin. Duk mai gyaran da ya yi masa tayi, sai ya ce wanda ya lotsa shi zai zo ya gyara. Har a gadon asibiti ya maimaita mata. Ta ce don haka mota ba ta fita daga gidan nan sai ka zo.

Na yi mata maganar sanyi da gwiwa, ta ce wadda ta zauna a sama tun Ista ba za ta kasa ƙarawa ba. Loris ya ce ko ka aiko da izini a rubuce, ta ce takarda ba ta riƙe guduma. Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, raina ya ɓaci da ku duka uku, har da wanda ke kwance a maƙabarta, don taurin kanku iri ɗaya ne, ni kuma nake hawa da sauka da tiren abinci. Tsoro ma nake ji, kada sanyin bana ya same ta a ɗakin can. Ba kuɗi nake nema a wajenka ba. Ermete ya ce ko ba ka iya ba zai tsaya kusa da kai, kai dai ka riƙe ƙarfen turo lotsawar. Zumunci a ƙafa yake.

Ka gaishe mini da Graciela, da ɗanka Nahuel da matarsa, da ƙaramar Aldana da har yau Mama a hoto kawai ta san ta. Loris da Dalia suna gaishe ka, Gwaggo Imelde ma ta ce a gaya maka ba ta mutu ba tukuna. Mama ta ce kada in kuskura in rubuta cewa ita ke nemanka, in ce mota ce ke jira. To, na rubuta. Mota tana jira.

Ƙanwarka,
Nives