Lamba Huɗu a Motar Gawa

Takoradi, 3 ga Maris

Yaya Batulu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Ga akwatin kulle mota da kika roƙe ni, na ba direban lori. Tunda idon Baba ya yi rauni har ya kai ga take teburin mai sayar da dokunu da motar gawar masallaci, gara a raba shi da ita.

Awalu, sabon direban motar, ya kai ta wurin makanikan Magazin a cire gidan makulli, a haɗa wayoyi ukun yadda na zana. Lamba huɗu za a danna, sannan mota ta tashi. In an yi kuskure sau uku, ta kulle sai an kwana. Awalu kaɗai na gaya wa lambar. Ki ce wa Baba don ɓarayi aka sa.

Ƙaninki,
Muhaimin

Zongo, Kumasi, 20 ga Afrilu

Muhaimin,

Bayan gaisuwa. Tunda waya ba ka ɗauka, ga takarda. Baba bai yarda da zancen ɓarayi ba. Ya ce, "Wane ɓarawo ne zai saci makara?" Shekara talatin yana kai mutane maƙabartar Tafo, yau ɗan cikinsa ya ɗaure masa hannu.

Bai roƙi kowa lambar ba, ka san shi. Kullum bayan asuba sai ya shiga ya laluba, ya danna uku, ya fito ya rubuta su a bangon littafin addu'arsa. Sau biyu ana rasuwa mota na kulle, sai da aka nemo ta masallacin Dichemso. Na gaji da kunya. Ka zo ka cire kullen nan, ko ka kira shi.

Yayarka,
Batulu

Zongo, 9 ga Mayu

Muhaimin,

Salamu alaikum. Ka ji a waya, amma ba a gaya maka duka ba. Ranar Talata Baba ya danna ukunsa, ya shigo gida, ya ce ƙirjinsa. Kafin hantsi ya cika. Awalu ya danna lambarka har yatsa ya yi ciwo, mota ta ƙi. Ta Dichemso ta tafi Ejura. Mun kira ka, wayarka a kashe.

A aboboya aka kai shi, keken da ake kwasar shara da shi, an wanke an shimfiɗa tabarma. Ta gaban motarsa aka wuce. Ni na roƙe ka akwatin, ba zan yafe wa kaina ba. Kai ma ban ce na yafe ba. Wace lamba ce wannan da ta fi ƙarfin tsoho wata biyu?

Batulu

Takoradi, 15 ga Mayu

Yaya,

Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri. Kin tambaya, to ga ta: 1992, shekarar da aka haife ni. Na nemi lambar da na tabbata ba za ta taɓa zo masa a rai ba, ban sha wahalar samu ba. Tun da na bar makarantar allo na kama aikin wayar mota, sunana ma da ƙyar yake faɗa. Wata biyu, uku kullum, bai tuna ba. Don haka kar ki ɗora mini duka, ni ma akwai abin da nake ɗauke da shi.

Muhaimin

Zongo, 22 ga Mayu

Muhaimin,

Gaisuwa. Ga bangon littafin, na yage maka. Yaushe ka taɓa jin Baba ya ƙirga shekara da ta Bature? Dubi layin farko, ranar da aka sa akwatin: 1412. Na kai wa Liman, ya ce ta Hijira ce, a azumin shekarar aka haife ka. Ita yake fara dannawa kowace safiya, sannan ya gwada biyu.

Ka huta lafiya.

Batulu