Fadamar da Suka Duba da Rani

Laraba, da dare.

Yau ma'aikatan gandun daji suka shimfiɗa taswira a taron unguwa. Fili ɗaya kawai za su iya karewa daga masu gini, sai suka zaɓi tudun mangwaro, suka bar fadamar bayan Mahuta. Wai babu komai a cikinta.

Na ce wa shugabarsu, "Madam, yaushe kuka je dubawa?" Ta ce da rani. Dariya ta ƙwace mini. Shekara ashirin ina ɗibar yashi a wurin kafin in buɗe gidan bulo. Na gaya mata cewa da damina can tsuntsaye ke ƙwai, kuma fadamar ce ke shanye ruwan da zai ci gidajenmu.

Ban je jami'a ba, amma ta ajiye biro, ta ɗaga zaɓin sai Agusta, in ta ga fadamar da damina. Na ce ta taho da takalmin ruwa.