Yatsuna Ba Su Dawo Ba

Litinin, 3 ga Maris

Gashin na'ura na tara cikin ashirin da biyar. A kwantar da ni, a ɗaga hannuna sama, kowa ya fice ya bar ni da abin yana gurnani yana ƙona ragowar cutar. Minti goma. Ba ya zafi a lokacin, sai daga baya.

Yau sati shida da gama kemo, ƙarin ruwan maganin cutar daji. Gashin kaina ya fara tsirowa kamar na ɗan tsako. Amai ya tsaya. Kowa sai barka yake min, ina amsawa.

Ba wanda ya tambaye ni yatsuna. Tun ƙarin ruwa na huɗu suka mutu daga kai zuwa gaɓa ta biyu, kamar na sa safar hannu uku. Biron nan ma da ido nake riƙe shi.

Shekara ashirin da uku ina ɗaukar jinin yara a ɗakin gwaji. Jijiyar jariri ba a ganinta, shafa ta ake yi. Iyaye mata ne suka raɗa min Sau-Ɗaya, don ba na soka allura sau biyu. Abin da nake da shi ke nan a duniya da ya fi na kowa, kuma na sani, ban taɓa ɓoye cewa na sani ba.

Laraba, 5 ga Maris

Da safe Baban yara na shan shayi na ce miƙo hannunka. Jijiyoyinsa kamar igiyar shanya, makaho ma ya same su. Na rufe ido na shafa. Babu komai. Kamar ina taɓa katifa.

Ya ce, "Kin same ta?"

Na ce na samu mana, me ka ɗauke ni. Ya yi dariya ya ci gaba da shayinsa.

Nawa shayin ɗanɗanon cokali yake yi, na zubar.

Asabar, 8 ga Maris

Yaya ta zo. Na fara yi mata maganar yatsun, ban kai ƙarshe ba ta katse ni: "Ke dai ki gode wa Allah, wasu rai suka rasa, ke yatsa kike wa kuka?"

Na gode masa, Yaya. Kullum ina gode masa. Amma wanda ya tsira daga gobara ba a hana shi kukan ɗakinsa.

Ban faɗa mata haka ba. Cewa na yi gaskiyarki.

Talata, 11 ga Maris

Ƙarƙashin hammata ya yi baƙi, ya fara saɓulewa. Riga ma ciwo ce. Gajiya kuwa ba irin wadda na sani ba ce, daga ɗaki zuwa bayi sai na huta a hanya.

Duk da haka na biya wurin Oga bayan gashin. Na ce zan dawo aiki, rabin yini, zaman gida zai kashe ni kafin cutar. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce akwai teburin bakin ƙofa, karɓar takardu da liƙa suna a kwalabe, in fara da shi.

Ni? Teburin bakin ƙofa? Na ce masa lafiyata ƙalau, kujerata nake so.

Ya ce, "Hannun fa?"

Na ce garau.

Ƙarya ta biyu ke nan cikin sati guda, kuma ta fi ta farko sauƙin fita.

Alhamis, 13 ga Maris

Na koma. Abokiyar aikina Keke ta rungume ni ta ɓangaren da ba ciwo, ta ce ashe ana kewar masifaffe. Shekara goma sha biyar muna kujera kusa da kujera. Ni na sa mata Keken-Ɗinki, don in ta kama hannun yaro sai ta yi masa layin huji kafin ta dace. Ba ta taɓa fushi ba, ita ma da sunan take kiran kanta.

Yara shida na yi, duk manya-manya, 'yan shekara tara, goma, jijiya a fili. Da ido na yi aiki. Ba wanda ya lura. Na dawo gida ina jin kaina kamar na ci jarrabawa, na yi barci da takalmi a ƙafa.

Litinin, 17 ga Maris

Bari in rubuta shi yadda ya faru, ko zai bar ƙirjina.

Wajen ƙarfe biyu wata mata ta shigo da jaririya 'yar wata bakwai, ɓulɓul, kwana uku tana gudawa, duk ruwan jikinta ya tafi. Irin hannun da ba a ganin komai a cikinsa. Keke ta miƙe za ta karɓa, matar ta ce a'a, wurin Anti Sau-Ɗaya ta zo, ni na yi wa yayan yarinyar, ko farkawa bai yi ba.

Da na ce hannuna ba daidai yake ba, da shi ke nan. Kalma biyar. Sai na ce kawo ta.

Na ɗaura roba, na shafa. Babu. Na soka inda ya kamata a ce tana nan. Babu. Yarinyar ta tsala ihu, irin na wanda ba shi da ƙarfin ihun. Na koma ɗaya hannun. Babu.

Dokar ɗakin nan ni na kafa ta da bakina: in ka soka biyu ba ka samu ba, ka tashi ka ba wani. Na sha korar mutane daga kujera a kanta, har Keke. Ina ji tana tsaye a bayana, tana cewa a hankali, "Ƙawata, kawo in gwada." Na yi kamar ban ji ba. Na soka na uku a bayan hannu, wurin ya kumbura ya yi shuɗi nan take.

Uwar ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Kallona kawai ta yi ta ce, "Anti, ba ke ba ce?"

Keke ta zauna ta samu a ƙafa. Na shiga bayi na buɗe famfo don kada a ji ni.

Ba don yarinyar na soka na ukun ba. Don ni na soka.

Talata, 18 ga Maris

Ban je aiki ba. Gashi na ashirin.

Juma'a, 21 ga Maris

Na faɗa wa Baban yara komai. Ya juya hularsa a gwiwa. Sai ya ce ai ya sani tun ranar shayin nan, a kan ƙashi na ɗora yatsa na ce na samu.

Na ce to me ya hana ka magana?

Ya ce, "Na ga abin da ya rage miki ke nan, Maman yara. Na kasa ƙwace shi."

Na yi masa faɗa sosai, na ce da ya yi magana da ba a huda 'yar mutane sau uku ba. Ya karɓa bai musa ba. Alhali ni da shi duk mun san mai laifin. Daga baya shi ya shafa min man ƙuna a hammata, don ni ba na jin ko na shafa ko ban shafa ba.

Keke ta kira sau huɗu. Ta turo saƙo cewa an sallami yarinyar, ta warware. Na karanta ya fi sau goma, ban amsa ba.

Talata, 25 ga Maris

An gama gashin. Ma'aikatan suka yi min tafi. Na yi murmushi don kada in ba su kunya.

Likita ta sa na rufe ido, ta dinga taɓa yatsuna da auduga tana cewa in faɗa in na ji. Shiru na yi ta yi. Na zaci ba ta fara ba, ashe har ta gama.

Ta ce wasu yana dawo musu cikin shekara, wasu rabi, wasu ba ya dawowa. Na ce ni wace ce a ciki? Ta ce ba ta sani ba. Na ji daɗin da ba ta yi min ƙarya ba, na kuma tsane ta a kan hakan har na iso gida.

Laraba, 2 ga Afrilu

Maɓallin riga ya gagare ni. Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ce min cutar daji ce.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Na je na sami Oga. Ban zauna ba, a tsaye na faɗa masa gaskiya, har da allura ta ukun. Ya ce Keke ba ta gaya masa komai ba. Wannan ma wani nauyin ne.

Ya ce teburin bakin ƙofa na nan.

Litinin, 7 ga Afrilu

Teburin yana girgiɗi, na sa masa takarda a ƙafa. Aikin ba wuya, karɓi takarda, rubuta suna, liƙa a kwalba. Na wucin gadi ne, kafin hannun ya dawo. Haka nake gaya wa kowa.

Kafin azahar wata yarinyar mace ta zo da ɗanta na fari a kafaɗa, duk a tsorace. Ba ta san fuskata ba. Ta ce maƙwabciyarta ce ta ce in ta zo ta nemi Sau-Ɗaya, kada ta yarda kowa ya taɓa shi sai ita.

Kujerata na can babu kowa a kai. Keke, da farin ɗankwalinta, ta ɗago ta kalle ni.

Na ce, "Ba ta aiki yanzu, 'yata. Je ki wurin waccan mai farin ɗankwali, hannunta na da kyau."

Ta ce, "Kin tabbata, Mama?"

Na ce na tabbata, ko ɗana ne ita zan ba.

Na rubuta sunan yaron, na liƙa a karkace, na ɓare na sake liƙawa. Ban waiwaya ba, kunne kawai na kasa. Kukan bai daɗe ba.

Na ji daɗi. Ban so in ji ba, amma na ji.